Tarihin Maƙoƙo da Gishirin Miya

Duk Bahaushe ya san maƙoƙo, amma ba kowa ya san cewa wannan ƙullutu na wuya ya taimaka wajen koya wa likitoci yadda sassan jiki suke aika wa juna saƙo ta cikin jini ba. Abin da ya ja hankalina ga tarihinsa shi ne, maganin cutar ya riga sanin dalilinta zuwa da shekaru ɗaruruwa.

A gaban maƙogwaron kowane mutum akwai wata 'yar tsoka mai siffar malam-buɗe-littafi. Wani likitan Ingila, Thomas Wharton, shi ya raɗa mata suna tayirod cikin 1656, amma bai san aikinta ba. Har ma ya zaci tana nan ne don ta cika wuya ya yi kyau, musamman wuyan mata! Tun kafin zamaninsa kuwa, likitocin ƙasar Sin suna ba masu maƙoƙo ciyawar teku, kumburin yana sacewa, ba tare da an san me ke cikin ciyawar ba.

Yaƙi ne ya tona asirin. Cikin 1811, lokacin yaƙe-yaƙen Napoleon, wani Bafaranshe mai suna Bernard Courtois yana sarrafa tokar ciyawar teku don haɗa albarushi, sai ya ga wani hayaƙi mai launin shuni ya tashi. Wannan shi ne aidin, wanda muka sani ana shafa wa rauni a asibiti. Cikin 1820 Likita Coindet na birnin Janeba ya fara ba masu maƙoƙo aidin. Da yawa suka sami sauƙi, amma waɗanda suka zarce ƙa'ida suka kama rama da faɗuwar gaba, sai mutane suka tsorata da maganin.

To, a nan ne labarin ya yi ɗaci. A ƙasar Suwizalan, inda maƙoƙo ya yi katutu a ƙauyukan kan duwatsu, akwai wani gwanin tiyata, Theodor Kocher, wanda ya ƙware wajen yanke tsokar ɗungurungum. Aikin yakan yi kyau, mara lafiya ya koma gida da wuya sumul. Da ya sake kiran waɗanda ya yi wa aikin cikin 1883, sai ya tarar da abin tausayi: fuska ta kumbura, fata ta bushe, jiki ya yi sanyi, magana da tunani sun yi nauyi, yara kuma sun daina girma. Ya bayyana wa 'yan'uwansa likitoci abin da ya gani, ya kuma bar cire tsokar gaba ɗaya. A ganina waɗannan bayin Allah, da ba a cika ambatonsu ba, su ne suka biya kuɗin wannan ilimi.

Idan rashin tsokar ke kawo ciwo, me zai hana a mayar da ruwanta? Cikin 1891 Likita George Murray na Ingila ya tatso ruwan tayirod ɗin tunkiya ya yi wa wata mata allura. Ta warware, ta ƙara shekara 28 a duniya tana kan wannan magani. Cikin 1905 Ernest Starling ya kira irin waɗannan ruwaye homon, daga kalmar Girkanci mai ma'anar zaburarwa, sannan cikin 1914 Edward Kendall na Amurka ya tace na tayirod, wato tayiroksin, wanda aidin ne ginshiƙinsa.

Ga yadda abin yake, mai karatu. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar tsoka kamar ƙwayar wake, ana ce mata fituwitari, ita ce tamkar wakilin sarki. Idan ta ji tayiroksin ya yi ƙaranci a jini, sai ta aika nata homon ya umarci tayirod ta ƙara aiki. Idan ya wadata, sai ta sassauta. Amma in babu aidin a abinci, tayirod ba ta da abin da za ta yi aikin da shi. Saƙo ya yi ta zuwa, ita kuwa ta yi ta girma don ta tsinci ɗan abin da ya saura. Wannan girma shi ne maƙoƙo.

David Marine ya gwada haka a garin Akron na Amurka daga 1917. Cikin 'yan mata 'yan makaranta 2,190 da aka ba aidin, biyar kaɗai suka yi maƙoƙo. Cikin 2,305 da ba a ba su ba, 495 suka yi. Suwizalan ta fara zuba aidin a gishiri cikin 1922, jihar Mishigan ta Amurka ta bi cikin 1924. Nijeriya kuwa sai cikin 1993 ta wajabta shi a gishirin da ake sayar wa jama'a, shekara 71 bayan Suwizalan.