SUNAN DA YA ƘETARE TEKU

Kusan kowane mako a zangon nan namu na Kumasi sai an yi suna. A yanka rago, a raba goro, liman ya raɗa wa jariri suna, a watse. Amma da wuya ka ji wani ya tambayi ma'anar sunan. Saboda haka mu ka ga ya kamata mu kawo muku labarin waɗansu mutane da su ka bar ƙasarsu kamar kakanninmu, watau Hindu na ƙasar Indiya, mu ga abin da suna ya yi musu.

Tun fiye da shekara 2,000 da su ka wuce littattafansu su ka tsara bikin suna, wanda su ke kira Namakarana. Yawanci a kan yi shi bayan kwana 10 zuwa 12 da haihuwa. An ce sunan namiji ya zama gaɓa biyu ko huɗu, na mace kuwa uku, mai daɗin faɗi. Har taurari su kan duba. Sun raba hanyar wata a sama gida 27, kowane gida kashi 4, kowane kashi da gaɓarsa, jimla 108. Gidan da wata ya ke ciki sa'ad da aka haihu, da gaɓarsa za a fara sunan. Malamanmu na hisabi ba za su yi mamaki ba, don su ma suna da manazil 28. Surayya, wadda mu ke kira Kaza Mai 'Ya'ya, su Krittika su ke ce mata, daga nan kuwa sunan Kartik ya fito.

Da yawan sunayensu na abubuwan bautarsu ne. Ramdas, ma'anarsa bawan Rama. Prasad, kyautar da ta fito daga abin bauta. Kamala, fure ne irin na bado. Akwai kuma sunan tsoro. A ƙasar Tamil, matar da 'ya'yanta ke mutuwa ta kan sa wa na baya Kuppusamy, daga kalmarsu ta juji, wai don mutuwa ta raina shi ta wuce. To, ashe ba Ajuji namu ke nan ba? Asante maƙwabtanmu ma suna da Sumina, shi ma juji ne. Uwa dai uwa ce ko'ina.

Da Ingila ta hana bauta a ƙasashen da ta ke mulki a 1834, sai masu gonakin rake su ka rasa ma'aikata. Aka shiga ɗibar Indiyawa ƙodago da yarjejeniyar shekara 5: zuwa Morishus tun 1834, Giyana 1838, Tirinidad 1845, Natal ta Afirka ta Kudu 1860, Fiji 1879. Kafin a tsai da ɗibar a 1917, fiye da mutum miliyan ɗaya sun ƙetare teku. A tashar jirgin ruwa ta Kalkata ko ta Madaras, akawu ya kan rubuta sunan mutum, da na ubansa, da ƙauyensu, yadda kunnensa ya jiye masa. Nan Prasad ya koma Persad, Kuppusamy ya koma Coopoosamy. Daga baya sunan kaka ya zama sunan gida duka.

Ku dubi Seewoosagur Ramgoolam, wanda ya karɓi mulkin kan Morishus a 1968. Ubansa ɗan ƙodago ne daga Bihar. Sunansa na fari Shivsagar ne, watau tekun Shiva, rubutun Turawa ya juya shi. Na biyun kuwa Ram ne da gulam, kalmar Larabcin nan ta yaro ko bara, wadda kowane almajiri ya sani. Haka Kamla Persad-Bissessar, mace ta fari da ta zama Firayim Minista a Tirinidad, a 2010. A Tirinidad da Giyana harshen Bhojpuri na kakanninsu ya kusa ƙarewa, jikoki Turanci su ke yi. Amma sunayen na nan, kuma da su da takardun akawun nan waɗansu su ka bi sawu har su ka gano ƙauyukan kakanninsu a Indiya.

Mu fa? Kakanninmu sun zo fataucin goro, waɗansu sojan Turawa, waɗansu sun watsu ne bayan yaƙin Salaga na 1892. Bakin maƙwabta da alƙalamin akawu sun mai da Ibrahim Braimah, Sa'idu Seidu, Husaini Fuseini. Sunan yanka ba zai ɓace ba, addini na riƙe da shi. Abin jin tsoro shi ne sunan gida. Tanko, namijin da ya bi mata. Kande, macen da ta bi maza. Gambo, mai bin tagwaye. Ladi, Talatu, Asabe da Ɗanjuma, na ranaku. Asante ba su ji kunyar Kofi da Kwame ba, mu me ya sa mu ke jin kunyar namu?

Saboda haka muna roƙon kowane mai gida ya sami littafi, ya zauna da tsofaffi tun suna da rai, ya rubuta sunan kowa na yanka da na gida, da dalilinsa, da garin da kaka ya fito. In an zo suna na gaba kuma, bayan liman ya gama, a bar kaka ta sa nata. Allah ya raya mana zuriya, amin.