Jadawalin Lokutan Aikatau na Ingilishi da Sawunsa a Nahawun Hausa: Waiwaye daga Machina

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ya zauna a ajin Ingilishi a Machina, ko Nguru, ko Gashuwa, ba zai rasa haddace jadawalin nan na lokutan aikatau goma sha biyu ba. Akan ba shi jadawalin tamkar da shi aka halicci harshen. Wannan maƙala za ta bi sawun jadawalin, ta nuna cewa aro ne daga Latin, kuma aron bai tsaya a kan Ingilishi ba, har ya shafi yadda aka bayyana Hausa.

2.0 Daga biyu zuwa goma sha biyu

In aka dubi jikin aikatau kawai, lokuta biyu Ingilishi yake da su: na yanzu, kamar "walk", da wanda ya shuɗe, kamar "walked". Wani aikatau ɗafa-ƙeyar "-ed" yake ɗauka, wani kuma wasalin cikinsa yake sauyawa, kamar "sing" da "sang". Duk sauran abin da ke cikin jadawalin haɗi ne na aikatau da mataimakansa: "will" don abin da ke tafe, "have" don aikin da ya gabaci lokacin da ake zance a kai, "be" da "-ing" don aikin da ake cikin yi.

Wannan ba sabon gano ba ne. John Wallis, malamin lissafi a Oxford, ya faɗe shi tun 1653 a nahawun Ingilishi da ya rubuta da Latin, inda ya soki masu tilasta wa Ingilishi rigar Latin. Amma maganarsa ba ta yi tasiri a makarantu ba. Littafin Lindley Murray na 1795, wanda aka yi ta sake bugawa, lokuta shida ya jera, daidai adadin na Latin. Zuwa ƙarshen ƙarni na 19, littattafai irin na J. C. Nesfield sun riɓa zamani uku da siga huɗu, aka sami goma sha biyu. Wannan tsari ne ya biyo makarantun boko zuwa ƙasashen da Ingila ta mallaka, kuma littattafan Brighter Grammar na Eckersley da Macaulay suka ƙara kafa shi a Nijeriya daga shekarun 1950.

3.0 Yadda ya shafi Hausa

Turawan da suka fara bayyana Hausa da wannan ma'auni suka zo. J. F. Schön, wanda ya buga nahawunsa a 1862, da C. H. Robinson a 1897, sun nemi shuɗaɗɗe da mai ci da mai zuwa a cikin Hausa, kuma wanda ya tafi nema da sunaye a hannu ba ya rasa abin da zai liƙa wa. Ba za a zarge su ƙwarai ba, domin rubutunsu bai nuna karin sauti ba, alhali kuwa a nan asirin yake. Jimlar "ya zo" a rubutun boko abu huɗu ce. In wasalin "ya" dogo ne mai karin sama, shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya ke nan. In gajere ne mai karin sama, na biyu ne, kamar a "shi ne ya zo". In gajere ne mai karin ƙasa, umarni ne ko fata, kamar a "ka ce ya zo". In kuwa dogo ne mai faɗuwa, lokaci mai zuwa na biyu ne. Aikatau "zo" bai motsa ba ko kaɗan. Sai da ƙamusun Bargery na 1934 da ayyukan R. C. Abraham suka riƙa nuna kari da tsawon wasali sannan hoton ya fito sosai.

Da Hausawa suka karɓi nazarin, musamman bayan littafin M. K. M. Galadanci na 1976, koyar da nahawu cikin Hausa ya bunƙasa, kalmar "lokaci" kuma ta zauna daram a aji. Kalma ce mai sauƙi, amma tana ɓatar da ɗalibi. Abin da ake kira shuɗaɗɗen lokaci ba shuɗewa yake nunawa ba, kammala yake nunawa. Mai sallama yakan ce "na tafi" alhali yana tsaye a bakin ƙofa. A "in ka zo gobe ka tarar sun gama", zuwan da gamawar duka ba su auku ba tukuna. Haka nan lokaci mai ci yana iya zama a jiya: "da na shiga yana barci". Shi ya sa Paul Newman a 2000 da Philip Jaggar a 2001 suka haɗa zamani da halin aiki da nufin mai magana a rukuni guda. Abin lura, malaman zaure da suka karanta Ajuruma sun fi kusa da gaskiya, domin sun san mulari'i yana ɗaukar yanzu da gaba duka.

4.0 Ajin Machina

A arewacin Yobe lamarin ya ƙara sarƙewa. Bayan da layin dogo daga Kano ya isa Nguru a 1930, fataucin gyaɗa da ƙaro ya ƙara yaɗa Hausa a yankin, ta zama harshen kasuwa tsakanin Mangawa da Badawa da Fulani. Saboda haka yaro da yawa a Machina da karin Manga na Kanuri ya tashi, na Gashuwa kuma da harshen Bade, amma in malami zai warware musu Ingilishi, da Hausa yake warwarewa. Kanuri yana sauya jikin aikatau da ɗafe-ɗafe. Bade ma, kamar yadda binciken Russell Schuh ya nuna, yana sauya wasalin ƙarshe da karin aikatau. Ashe yaron ya riga ya san aikatau mai sauya jiki tun daga gida, sai aka bi da shi ta harshen da ba ya yin haka.

Kurakuran da ke biyo baya sanannu ne ga duk mai duba takardun jarrabawa. An gaya wa ɗalibi "na gan shi" daidai yake da "I saw him", an kuma gaya masa daidai yake da "I have seen him", sai ya rubuta "I have seen him yesterday", domin Hausa ba ta hana "jiya" zama da wannan siga. An ce masa "na sani" shuɗaɗɗe ne, sai ya rubuta "I knew" inda ake son "I know". "Na gaji" da "na yarda" da "ya isa" duk wannan rami suke jefa shi. Ba rashin hadda ke damunsa ba, ya haddace goma sha biyun tsaf. Sunan da aka ba siga a harshe ɗaya ya ɗauka ya kai ɗaya harshen, kamar yadda Murray ya yi a 1795.