3.2 Asalin Kalmomin "Ɗan Birni" da "Ɗan Bariki"

A Hausar yau akan yi amfani da waɗannan kalmomi biyu kamar ma'anarsu ɗaya ce, watau mutumin da zaman babban gari ya buɗe wa ido. Amma idan aka bi diddigin tarihi za a ga ba lokaci ɗaya aka haife su ba, kuma ba irin mutum ɗaya suke siffantawa ba.

Ɗan birni shi ne ya girme. Asalin ma'anar birni ita ce gari mai ganuwa, ba wai gari mai yawan jama'a kawai ba. A Kano, alal misali, tarihi ya nuna an fara gina ganuwa zamanin Sarki Gijimasu (1095-1134), sa'annan Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya faɗaɗa ta, ya kuma kafa Kasuwar Kurmi. A irin wannan kasuwa ne baƙauye yakan kawo hatsi ko dabba ya haɗu da dillali wanda ya fi shi sanin farashi da iya baki. Daga nan kalmar ta ɗauki ma'anar wayo, har in an ce "wane ɗan birni ne" ana nufin a yi hattara da shi wajen ciniki. Shi kuma ɗan birni ya rama da nasa kalmomin: baƙauye, bagidaje, ƙauyanci, gidadanci. Duk da haka ɗan birni mutum ne mai asali. An san gidansu, an san unguwarsu, yana ƙarƙashin mai unguwa da alƙali da Sarki. In ya cuci mutum akwai inda za a kai ƙararsa.

Ɗan bariki kuwa ɗan zamanin Turawa ne. Kalmar bariki an aro ta ne daga kalmar Ingilishi mai nufin mazaunin soja. Bayan da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, ba su zauna cikin ganuwa ba, sai suka kafa mazauninsu a waje, su da sojojinsu da kuku da boyi da masinja. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari a 1913 domin ma'aikata da 'yan kasuwar da suka zo daga Kudu. Kaduna ta zama hedkwata a 1917, ga kuma Jos inda haƙar kuza ta tara leburori daga ko'ina. Sannu a hankali duk waɗannan wurare suka shiga cikin ma'anar bariki.

Abin da ya bambanta bariki da birni shi ne iko. Shekaru da dama Sabon Garin Kano ba ta ƙarƙashin Sarki, tana hannun jami'in Bature ne, kuma giyar da aka hana a cikin birni a can ana sayar da ita a fili. Saurayin da ya bar garinsu ya tafi can ya fita daga idon iyayensa da na malaminsa, yana karɓar albashi da kansa, yana kama ɗakin haya, ba mai tambayarsa inda ya kwana. Saboda haka kalmar ta haɗa abubuwa biyu: sanin duniya da rashin mai kwaɓa. Wannan ne ya sa Bahaushe ya kira bariki lahirar makwaɗaita, ya kuma ƙirƙiro barikanci domin siffanta halin. Ba ƙaramin tabo ba ne, domin akan hana mutum aure a kansa. Ga mace abin ya fi muni ƙwarai. Namiji in an ce ya sha bariki, wani lokaci har da ɗan yabo a ciki, cewa ba a yi masa wayo. Amma 'yar bariki ba ta da wata ma'ana face mai zaman kanta, ko da kuwa abinci kawai take sayarwa a tasha.

Da yake duka kalmomin biyu suna ɗauke da zargi, sai harshe ya nemi wata wadda za a yabi mutum da ita. Nan ne wayewa ta samu gurbi. Tushenta shi ne wayewar gari, watau fitowar haske bayan duhu. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, da shirin Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 sun taimaka wajen yaɗa maganar wayar da kai, har wayayye ya zama mai karatu, mai tsafta, wanda ya san asibiti da banki. Gogagge ma ta bi wannan sahu, sai dai ita ta fi karkata ga wanda ya daɗe yana cuɗanya da mutane, ko ya yi boko ko bai yi ba. Daga baya aka sami ɗan gaye da ɗan ƙwalisa, waɗanda ba su wuce maganar sutura da ado ba, kuma samari ne suka fi furta su a tsakaninsu.