Yadda lamba 420 ta zama zagi a bakin masu jin Urdu

Idan ka ce wa mutumin Lahor ko Karachi "char sau bis", wato ɗari huɗu da ashirin, to ka shirya faɗa, domin ka kira shi mazambaci. Asalin zagin kuwa takardar Bature ce.

A 1837 wani kwamiti ƙarƙashin Thomas Macaulay ya miƙa daftarin kundin hukunta laifuka na Indiya. Sai a 1860 aka zartar da shi, ya fara aiki a 1862. Da aka juya shi zuwa Urdu aka sa masa suna Ta'azirat-e-Hind. Manyan kalmomin shari'a ba su tada wa masu fassara hankali ba, don Larabci da Farisanci sun riga sun tanada: mujrim ga mai laifi, mulzim ga wanda ake tuhuma, adalat ga kotu, wakil ga lauya. Duk wanda ya zauna a makarantar zaure zai gane su. Amma kayan da Bature ya zo da su, da sunansu suka shigo: pulis, jel, warant, apil.

Talaka dai ba ruwansa da dogon Turanci, lamba ya riƙe. Sashe na 420 shi ke hukunta zamba, na 302 kuma kisan kai. Har Raj Kapoor ya sa wa fim ɗinsa na 1955 suna Shree 420. Pakistan ta gaji kundin a 1947, lambobin suna nan. Indiya ta sauya nata a Yulin 2024, sai dai ban ga dokar da za ta cire 420 daga bakin 'yan kasuwa ba.

Turancin ma ya ci bashi. "Loot" da "thug" daga can ya kwaso su, haka "dacoity", wadda sashe na 391 ya fayyace da cewa fashi ne na mutum biyar ko fiye.

Kada a ce labarin nesa ne. Kundin Indiya aka kwaikwaya aka yi na Sudan a 1899, daga na Sudan kuma aka tsara Final Kod ɗin Arewa da ya fara aiki a 1960. Ita kuwa 419 da muke jifan juna da ita, daga kundin Kudu ta fito, wanda tushensa Ostareliya ne.