Sabha da Zaɓen Shugaban Ƙasar Libiya na 2021 da Bai Yiwu Ba

Garin Sabha, babban birnin yankin Fazzan da ke kudancin Libiya, ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Fataken Kano sun daɗe suna ratsa Fazzan ta Gat da Murzuk zuwa Tarabulus, yau kuma masu zuwa ci-rani ta Agadas a Sabha suke yada zango. A nan Mu'ammar Gaddafi ya yi karatun sakandare, a nan kuma ya shelanta kafa Jamahiriyya ranar 2 ga Maris 1977.

Wannan tarihi shi ya sa ɗansa Saiful Islam ya zaɓi Sabha lokacin da ya fito neman shugabanci. Ranar 14 ga Nuwamba 2021 ya bayyana a ofishin hukumar zaɓe na garin, sanye da rawani da alkyabba irin ta mahaifinsa, ya miƙa takardun takara a zaɓen da aka sa wa ranar 24 ga Disamba. Wannan mutum ne da kafin 2011 ya yi suna da kiran gyara da alkawarin tsarin mulki. Da bore ya tashi a Fabrairun 2011 sai ya juya, ya fito a talbijin yana gargaɗin cewa jini zai malala. A watan Nuwamba na shekarar aka kama shi kusa da Ubari, kotun Tarabulus kuma ta yanke masa hukuncin kisa a 2015 ba ya nan. Bayan shekara 10, ga shi yana roƙon ƙuri'a.

Hukumar zaɓe ta soke takararsa ranar 24 ga Nuwamba saboda wancan hukunci. Ya ɗaukaka ƙara a kotun Sabha, amma 'yan bindiga da ake dangantawa da rundunar Khalifa Haftar suka tare kotun na kwanaki, alƙalai suka kasa zama. Sai ranar 2 ga Disamba kotun ta maido shi cikin 'yan takara.

Abin lura shi ne abokan hamayyarsa ba su fi shi riƙon magana ba. Abdulhamid Dubaiba ya zama firayim minista na riƙon ƙwarya a taron Jeneba na Fabrairun 2021, bisa alkawarin cewa ba zai tsaya takara ba. Ya yi watanni yana rabon tallafin aure ga matasa, sannan ranar 21 ga Nuwamba ya yi rajista. Dokar zaɓen da Aguila Saleh, shugaban majalisar wakilai, ya sa wa hannu a Satumba ta ce mai riƙe da muƙami ya ajiye shi wata 3 kafin zaɓe, in ya faɗi ya koma kujerarsa. Jama'a da dama sun ga cewa riga ce aka ɗinka daidai jikin Haftar, wanda ya jingine kwamandancinsa na ɗan lokaci ya shiga takara. Shi kansa Saleh ya tsaya. Dubaiba kuwa bai ajiye muƙaminsa wata 3 kafin zaɓe ba.

Fathi Bashagha ya fi kowa nisan juyi. Yana ministan cikin gida ya tsaya kare Tarabulus daga farmakin Haftar na 2019 zuwa 2020, amma ranar 21 ga Disamba 2021 aka gan shi a Bangazi suna gaisawa da shi.

Mutum 98 suka miƙa takardu, masu zaɓe sama da miliyan 2.8 suna cikin rajista. A ganina, rigimar ba ta taɓa kaiwa ga manufofi ba, domin kowane ɓangare yana da ɗan takarar da ba zai yarda ya ci ba, yana kuma da bindigar hana shi. Hukumar ta kasa fitar da jerin sunaye na ƙarshe, ranar 22 ga Disamba aka ɗage zaɓen. A Fabrairun 2022 majalisar wakilai ta naɗa Bashagha firayim minista da goyon bayan Haftar, Dubaiba kuma ya ce ba zai miƙa mulki ba sai ga zaɓaɓɓiyar gwamnati.