Kafin sukarin kwali, da me kakanninmu suke zaƙi?

Wata safiya ina koyar da tarihi a aji shida na firamare, wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce: "Mushe, a zamanin Sarauniyar Lugu da me ake sa wa kunu zaƙi?" Na san shekarar da rundunar Voulet da Chanoine ta afka wa Lugu, wato 1899. Na san sunayen sarakunan Arewa. Amma wannan tambaya ta tsaya mini a wuya. Na ce zuma, na wuce, raina bai kwanta ba.

Da aka yi hutu na kai tambayar gun gwaggona a wani ƙauye na Tibiri. Ta yi dariya ta ce: "Ɗana, duk bokon nan naka ba ka san maɗi ba? Zuma ai ta mai hali ce da mai biki. Mu talakawa ɗinya ce zumarmu."

Ga yadda ta ce suna yi. Idan ɗinya ta nuna ta yi baƙi, yara su tsinto ta kwarya-kwarya. A jiƙa ta, a murje da hannu har tsoka ta rabu da ƙwallo, a tace. Ruwan a zuba a tukunyar ƙasa, a yi ta ba shi wuta wuni guda, ana kwashe kumfa, ana motsawa kada ya kama. Idan aka ɗiga shi a ruwan sanyi bai watse ba, ya yi. A sauke a nan, an samu maɗi mai kauri na dangwala masa ko fanke. A ƙara masa wuta, a ja shi, ya zama alewa. Haka ake yi da ruwan takanɗa, da na rake a garuruwan fadamar Dallol Mauri inda ruwa yake kusa. Ruwan rake idan ya dahu sosai aka zuba shi a ƴan ƙoƙuna ya daskare, shi ne mazarƙwaila, wadda ƙasar Zazzau, musamman Maƙarfi, ta yi suna da ita.

Shi kansa rake baƙo ne da ya daɗe har ya zama ɗan gari. An fara noma shi a tsibirin New Guinea, mutanen Indiya kuma suka gano yadda ake daskarar da ruwansa ya zama ƙwaya. Kalmar sukari ma ta biyo wannan hanya: daga Indiya zuwa Farisa, zuwa Larabci, sannan ta iso bakinmu. Larabawa suka kai nomansa Masar da Maroko. Sarki Ahmad al-Mansur, wanda sojojinsa suka karya daular Songhai a Tondibi a 1591, yana cikin waɗanda suka tara dukiya da masana'antun sukari.

Daga nan labarin ya yi ɗaci. Turawa suka kai rake Brazil da tsibiran Karibiyan, suka kwashi miliyoyin ƴan Afirka bayi don su noma shi. Baƙin ruwan da yake saura bayan an cire ƙwayar sukari, ɗan'uwan maɗinmu ke nan, da shi suke yin barasa, su kawo ta gaɓar Afirka su sayi wasu bayin. Kuɗin da ke ciki ya kai Ingila ta kafa masa dokar haraji ta musamman a 1733. A Saint-Domingue, mallakar Faransa da ta fi kowace samar da sukari, bayi suka yi tawaye a 1791, suka kafa ƙasar Haiti a 1804. Wannan baƙin ruwa har yau wasu mutanen Amurka suna zuba shi a kan fankensu na safe.

A wajenmu, farin sukari ya bazu ne da mulkin mallaka, da kantuna, da shan shayi. Duk wanda ya kai shekaruna ya san kwalin Saint Louis, wanda asalinsa matatar birnin Marseille ce. Ba ya neman itace, ba ya neman wuni guda a bakin murhu, ba ya jiran kaka. Ba na ganin laifin uwayenmu da suka karɓe shi. Sai dai ga inda muka tsaya: ana noma rake a fadamarmu, muna shan shi a tsaye mu tofar da ɓawo, sukarin da ke cikin kununmu kuwa kusan dukansa daga waje ake shigo da shi. Itatuwan ɗinya sun ragu a gonaki. A gidanmu gwaggona kaɗai ta rage da ta san lokacin da ake sauke tukunya.

Kada a ɗauka ina cewa maɗi magani ne. Zaƙi ne shi ma, mai ciwon sukari ya kiyaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, kimanin giram 50 ga babba. Bambancin shi ne, da can zaƙi yana da lokaci kuma yana da wahala, yaro ya san daga wace bishiya ya fito. Yau dala biyar ta isa ya cika baki da minti kafin a buga ƙararrawa.

Ga roƙona ga malamai ƴan'uwana: a tura yara su tambayi kakanninsu da me ake yin maɗi a garinsu, a wane wata, wa ke sayarwa a kasuwa, su rubuto. Iyaye kuma, idan ɗinya ta nuna bana, a ɗora tukunya ɗaya yara suna gani. Ni na riga na yi wa gwaggo alkawarin itace, ita kuma ta ce in taho da yarinyar da ta yi tambayar.