Ƙafar Hagu: Yadda Aka Koyi Tuƙi a Ƙasar Rake

Rake ne ya koya wa mutanen Makarfi tuƙin mota. Haka nake faɗa kullum, kuma ba da wasa nake ba. Ƙasar da ke noma kaya mai nauyi, mai saurin bushewa ko ruɓewa, dole ta haifi direbobi, domin rake ba ya kai kansa Kano, tumatir ɗin Ikara da Hunkuyi kuwa in ya kwana biyu a kwando sai dai a zubar. Kafin mota jakuna ne da ƴan dako ke wannan aiki. Da layin dogo ya isa Kano daga Zariya a 1911, ya ratsa ta wajen Likoro da Gimi, sai ya ɗauke musu doguwar tafiya, ya bar musu ta tsakanin gona da tasha. Mota ce ta zo daga baya ta shiga inda jirgi ba ya shiga, ta bi burtali ta tsaya a bakin fadama.

Abin da ya sa na ɗauko wannan tarihi shi ne wata sha'awa da ta shigo wa samarinmu. Yanzu yaro zai sayi tsohuwar Honda ko Camry ƴar Kwatano, atomatik, ya kai wa mai wayarin ya ce a maƙala masa waɗannan ƴan faifai biyu da ke bayan sitiyari a sababbin motoci, waɗanda ake taɓawa da yatsa giya ta hau ko ta sauka. Yana son ya ji shi ma yana canza giya, amma ba ya son wahalar kuloci. Ina ganin kafin a yanke masa waya, ya kamata ya san yadda iyayensa suka samu wannan giyar.

Motocin farko da suka yi jigila a wannan yanki manya ne masu bodin katako, irin su Bedford da Austin, sannan Marsandi 911 mai gajeren hanci ta zo ta zama sarauniyar lodi. Giyar da yawa daga cikin tsofaffin motocin nan ba ta da sassauci. Ba za ka taka kuloci sau ɗaya ka jefa ta inda kake so ba. Sai ka taka ka fitar da ita zuwa firi, ka saki, in sauka za ka yi ka ɗan ba da wuta don gudun injin ya dace da gudun tayoyi, ka sake takawa, sannan ta shiga. In ka yi kuskuren lokaci, haƙoran giya su yi wata ƙara da duk mutanen tasha za su waiwayo. Ba allo ke gaya wa direba lokaci ya yi ba, kunnensa ne. Shi ya sa tsofaffin direbobi ba sa son surutu a gidan gaba in an tunkari hawa.

Makarantar wannan ilimi ita ce zama karen mota. Sunan ba daɗi, har marigayi Ɗanmaraya Jos ya yi wa masu shi waƙa guda, amma babu wani babban direba na wancan zamani da bai bi ta nan ba. Kawuna ya yi shekaru yana wannan bauta a hanyar Makarfi zuwa Kano, kuma yadda ya ba ni labari, hawa-hawa abin yake. Da farko wanki ne da ɗibar ruwan lagireto da ɗaure tamfol. Sai riƙon weji: duk inda mota ta tsaya a tudu, yaro zai diro da gudu ya cusa guntun katako a bayan taya, in ta tashi ya zare ya bi ta da gudu ya ɗafe. Wanda ya yi shekara yana riƙon weji ya riga ya san inda mota ke komawa baya, ya san ƙarar injin da ya kusa mutuwa, tun bai taɓa zama a kujerar direba ba. Bayan haka a ba shi damar tayar da mota da asuba ta yi ɗumi. Sai ribas a cikin tasha. Sai a ba shi ita wayam, ba kaya, a miƙaƙƙiyar hanya. Lodin rake shi ne na ƙarshe, domin rake tsawo gare shi, ana jibga shi har ya zarce bodi, kuma nauyinsa na sama ne, ƙaramar fizga sai mota ta kwanta.

Kawu ya ce ranar da maigidansa ya fara ba shi sitiyari da kaya, abin da ya faɗa masa kawai shi ne, "Kai yaro, kar ka kalli hannunka. Saurari injin." Da suka fita daga fadama lafiya ya ce, "Maigida, na iya?" Sai ya ce masa, "Ka iya fita. Saura shiga." Ba yabo a wannan makaranta, kuma gaskiya akwai zalunci a cikinta. An doki yara, an kwana da su a ƙarƙashin mota cikin hunturu, wasu sun tsufa da weji a hannu ba a taɓa ba su sitiyari ba. Ba na cikin masu cewa komai na da ya fi na yanzu. Abin da nake cewa shi ne yaron da ya fito daga nan ya san abin da ke faruwa a ƙarƙashin kujerarsa.

Wani abin da ƴan baya ba su sani ba shi ne an taɓa juya wa direbobin ƙasar nan hannu gaba ɗaya. Har zuwa ranar Lahadi 2 ga Afrilu, 1972, a hannun hagu ake tuƙi a Nijeriya, irin na Ingila, sitiyari yana dama, giya tana hannun hagun direba. A wannan rana gwamnatin Janar Gowon ta mayar da ƙasar hannun dama, don ta dace da maƙwabta irin su Nijar da Dahomey da Kamaru. Motocin da suka biyo baya sitiyarinsu na hagu, giya ta koma hannun dama. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana jefa giya da hagu sai ga shi yana lalube kamar sabon shiga. Amma ƙafafu ba su canza wuri ba: kuloci na hagu, birki a tsakiya, totur a dama. Don haka ba su daɗe ba suka saba, domin ilimin a ƙafa yake da kunne.

Shekara uku bayan haka, a 1975, kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kakuri cikin Kaduna, kuma a nan tarihin tuƙi a arewacin jihar ya ɗauki wani salo. Fijo ta zama motar kowa: ta hakimi, ta sakataren ƙaramar hukuma, ta ɗan kasuwar mazarƙwaila. Doguwar 504 ta riƙe hanyar Zariya zuwa Kano tana tsayawa a Tashar Yari, akori-kura ƙirar 404 kuma ta riƙe ƙauyuka, ranar Laraba ka gan su jere a kasuwar Makarfi bayansu ya kusa taɓa ƙasa. A zamanin ne aka kafa sauran masana'antun, Volkswagen a Legas, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Marsandi a Inugu. Kusan duk abin da ya fito daga cikinsu manuwal ne. Kayan gyara kuma suna ko'ina, bakaniken da ke ƙarƙashin bishiyar mangwaro zai sauke giyabos ɗin Fijo da safe ya mayar kafin la'asar.

Ga abin da ke ba ni dariya in na ga yaro yana neman giya a jikin sitiyari. Fijo 404 a jikin sitiyari giyarta take. Sanda ce siririya da ta fito daga wuyan sitiyarin, direba na jan ta da ƴan yatsu, gidan gaba kuma ya ɗauki mutum uku ba abin da ya tokare gwiwar na tsakiya. Kakanninsa sun yi abin da yake marmari tun kafin a haifi babansa. Bambancin guda ne: su ƙafarsu ta hagu tana aiki.

Lokacin da aka buɗe kamfanin sarrafa tumatir na Ikara a farkon shekarun 1980, zamanin Gwamna Balarabe Musa, noman rani ya ƙara bunƙasa, kuma ko da kamfanin ya yi ta tsayawa yana tashi, kwandunan ba su daina fita ba. Kanta da J5 suka shigo layin gwari, wasu har Legas. Direban gwari da agogo yake tsere. Shi ne ya fi kowa sanin amfanin riƙe mota da giya a gangara maimakon dogaro da birki, domin birkin da aka daɗe ana takawa da kaya zafi yake yi ya daina kamawa. Wanda bai san wannan ba shi ake tsinta a rami.

Atomatik ba sabuwar aba ba ce a duniya. Kamfanin General Motors na Amurka ya fitar da ita a motocin Oldsmobile tun 1940. Mu dai talauci ne ya kawo mana ita. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 darajar naira ta faɗi, sabuwar Fijo ta fi ƙarfin ma'aikaci, sai aka koma sayen kwance ta tashar Kwatano. Na Turai, irin su Golf da Sharon, yawancinsu manuwal ne, su ne suka gaji Fijo a tasha. Na Amurka kuwa, Honda da Toyota, kusan duk atomatik ne, su suka shiga gidaje. Daga nan hanya ta rabu biyu: mai neman abinci da mota yana taka kuloci, mai zuwa ofis ba ya takawa. A 1988 aka kafa hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, daga baya ta wajabta shiga makarantar koyon tuƙi kafin a ba da lasin. Abin da karen mota ke koya a shekaru aka matse shi cikin makonni.

Kanikawanmu kuwa ba su zauna ba. Juyin da suka ƙware a kai shi ne akasin wanda samari ke nema yau. Mai haya zai sayi mota atomatik don ta fi araha, ya kai gareji a cire giyabos ɗin, a sa na manuwal, a huda wurin feda ta uku. Dalilansa a fili suke. In batir ya mutu a ƙauye, mutum huɗu za su tura manuwal ta tashi, atomatik kuwa ko garin duka ya taru ba ta tashi da turi. In ta kafe a taɓo cikin Agusta, mai kuloci zai iya lallaɓa ta gaba da baya har ta fito. In kuloci ya ƙone, faranti ne za a canza. In giyar atomatik ta ƙone, musamman da yake mutane kan zuba mata man da ba nata ba, sau da yawa sai dai a sayo wata ɗungurungum.

To su waɗannan ƴan faifai daga ina suka fito? Daga filin tseren motoci. Kamfanin Ferrari na Italiya ne ya fara sa su a motarsa ta gasar Formula 1 a 1989, kuma direbansa Nigel Mansell ya ci tseren farko da aka yi da ita a Brazil. A 1997 suka sa su a motar titi, F355. An ƙirƙire su ne don mutumin da ke shan kwana da gudun da ɗauke hannu daga sitiyari na rabin daƙiƙa zai iya kashe shi. Daga nan suka gangaro zuwa motocin gida.

Ya kamata mai nema ya gane cewa faifan ba giya ba ne. Makunni ne kawai, kamar na fitilar ɗaki: yana aika saƙo ga kwamfutar da ke kula da giyabos, ita ce ke yanke shawara, har ma takan ƙi in ta ga umarnin zai cuci injin. In motarka tana da irin giyar da ake tura sandar gefe a yi sama ko ƙasa da ita, to kwamfutarta ta riga ta san wannan yare, mai wayarin da ya san aikinsa zai iya jawo waya zuwa sitiyari. Ko a nan ma akwai haɗari, domin wayoyin jakar iskar da ke kare direba a haɗari ta cikin sitiyarin suke bi. In kuwa tsohuwar atomatik ce mai giya huɗu wadda ba ta da wannan tsari, ba wanda zai karɓi saƙon. Sai an canza kwamfuta ko giyabos ɗin baki ɗaya, kuɗin da zai kai wani kaso mai tsoka na kuɗin motar, a ƙasar da ba kowane gari ke da mai na'urar duba laifin kwamfuta ba. Manuwal kuma ba a ma maganarta, sai an ƙera abin da zai taka kuloci a madadin ƙafa.

Ba na ƙin atomatik. Dattijo mai ciwon gwiwa, da wanda ya rasa ƙafa, da malamar asibiti da ke fama da cunkoson Kwangila a Zariya safe da yamma, duk rahama ce gare su. Kuma inda faifan suka zo da motar daga kamfani, suna da amfani na gaske wajen riƙe ta a gangara ko shirin wuce tirela. Sai dai wanda zai ci wannan amfani shi ne wanda ya riga ya san dalilin sauka daga giya huɗu zuwa uku, kuma a kan kuloci ake sanin wannan. A Ingila, wanda ya ci jarrabawar tuƙi da atomatik, lasin ɗinsa na atomatik ne kaɗai, wanda ya ci da manuwal kuwa an sakar masa duka biyun.

Har yau motocin da ke ciyar da Ikara da Makarfi da Kudan, daga Kanta zuwa Golf zuwa tarakta, masu kuloci ne. Saboda haka, ɗana, kuɗin da ka tara don faifai, ka cika tankin wani direban tasha da rabinsa, ka roƙe shi ya fita da kai filin makaranta ranar da ba kasuwa. Za ta mutu maka sau da yawa, yara za su yi maka dariya. Ka sake tayarwa.